Ja da Ja, Baƙi da Baƙi

Ranar wata Talata ce. Tun safe gari ya haɗa hadari amma ruwan ya ƙi sauka, sai da Mai Sola ya hau rufin gidan da allon sola a kafaɗa, sannan aka tsuge kamar da gayya.

Ya sauko daga tsani da gudu ya faɗa baranda, rigarsa sharkaf. A nan ya tarar da autar mai gidan zaune a kan tabarma, tana ɗiga ɗigo da fensir a wata takarda mai ƙananan gidaje.

"Malam, kana jiƙa min giraf," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Afuwa. Mene ne kuma giraf?"

Sai ta ɗago ta dube shi. Daga wannan kallon ne Mai Sola ya manta ya bar akwatin kayan aikinsa a cikin ruwa.

"Layi ne. Nan x, nan y. In na sa ɗigon daidai na haɗa su, layin zai miƙe. Nawa kullum sai rular ta zame."

"Kawo in danne miki."

Ya tsuguna ya danne rular da yatsa biyu, ta ja layi, ya fito samɓal. Ta yi murmushi ta ce, "Sannu, Injiniya." Shi kuwa kafin ruwa ya ɗauke ya raɗa mata suna Haskena, a ransa dai tukuna.

Mai Sola a aji uku na sakandare ya bar makaranta, don zama wuri ɗaya ba ya yi masa. Ya bi wani mai haɗa wutar gidaje, ya ƙware, har unguwa ta manta sunansa na yanka. Auta kuwa jarrabawar shiga kwalejin fasaha take shirin yi, lissafi da fiziks ne suka sa ta a gaba.

Da soyayya ta yi ƙarfi, kawunsa ya je wajen Baba, mahaifinta. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"Ba na maganar aure sai ta shiga kwaleji. Kuma yaron da ya gudu daga aji, in 'yata ta buɗe littafi me zai ce mata?"

Wannan magana ta zauna wa Mai Sola a ƙirji kamar ƙusa.

A makon ne kuma Baba ya kirawo ɗan ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Ɗan Jami'a, ya riƙa zuwa da la'asar yana koya wa Auta. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, biro uku a aljihu. Uwarsa, Gwaggo, ta fara yawan zuwa gidan tana cewa, "Kai, yaran nan sun dace da zama tare."

Wata la'asar Mai Sola ya wuce ta ƙofar gidan a babur, tsani ɗaure a baya. Ya hango kawuna biyu sunkuye a kan takarda ɗaya, yatsun Ɗan Jami'a a kan rula. Saura kaɗan ya afka kwata. Ya tsaya a bakin titi ya ciro waya ya rubuta wa Auta.

"Na ga an samu sabon mai danne rula."

Amsa ta zo: "Gangaren layi Yaya yake nuna min, Injiniyana. Canjin y a raba da canjin x."

"Ni ma na ga canji."

"Haba Nawa. Yayana ne fa."

"Yayan da Gwaggo ke yi wa talla? Layi ba ya miƙewa sai da hannunsa?"

"Kishi ya yi maka kyau, amma ka bar ni in ci jarrabawa. Don mu nake yi."

Daga ranar, batiran gidan suka kamu da ciwon da ba ya tashi sai da la'asar. Kullum Mai Sola na ɗakin batir da ke jikin baranda, yana kwance waya yana ɗaurawa, kunnensa a waje.

"Wai wannan batirin naka ba ya warkewa ne?" in ji Baba.

"Ana dai lallaɓawa, Baba."

Yana jin Ɗan Jami'a yana cewa, "Madalla ƙanwata, kanki na ja," Auta tana dariya. Sai ya ji sukundireban hannunsa ya yi masa nauyi.

Da jarrabawa ta matso, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Haskena, giraf na bar masa. Amma wutar lantarki? Da ita nake ci, da ita nake sha. Ki ce masa ya huta, ni zan koya miki caji."

"Nawa, na littafi daban ne fa."

"Wato ke ma kina ganin ba ni da abin cewa in kin buɗe littafi."

Ta ga yadda idonsa ya kaɗa, tausayinsa ya kama ta. Washegari ta ce wa Ɗan Jami'a ya bar mata ɓangaren caji, ta samu mai nuna mata. Ya gane ko waye. Ya mayar da bironsa aljihu ya ce, "To, ya haɗa da giraf ɗin ma." Bai sake zuwa ba. A gida kuwa ta ce karatu ne ya yi masa yawa.

Mai Sola ya zauna a gurbinsa, fuska fal annuri, lokacin da Baba ya fita. Ta karanto tambaya: ƙwallo biyu, kowanne ɗauke da caji fositif, wato mai alamar tarawa, an ajiye su kusa da juna. Za su jawo juna ne ko za su ture juna?

"Wannan ai wasa ne. Zo ki gani." Ya kai ta ɗakin batir. "Kin ga yadda na jera su? Jar waya da jar waya, baƙa da baƙa. Fositif da fositif, suna zaune lafiya. Amma ki kuskura ki haɗa ja da baƙa, tartsatsi zai tashi, waya ta ƙone. Ba sa shiri. Iri ɗaya su ke son juna."

Ta dubi wayoyin. "Kamar Yaya ya taɓa cewa akasin haka ne."

"Yaya ya ce! Shi wuta ta taɓa jan sa? Ni shekara nawa ina wannan aiki?"

Littafin yana nan a gefenta. Ta kai hannu, ta dubi fuskarsa, ta janye hannun. Suka yi ta warware tambayoyi a kan wannan ƙa'ida, duk kibiyar zanen da ya kamata ta kalli hagu tana kallon dama, yana cewa, "Madalla Haskena, kanki na ja," da ƙarfi, don ya ji daɗin faɗar ta shi ma.

A jarrabawa tambayoyin caji suka fito da yawa. Da sakamako ya zo, giraf duk ta ci, fiziks ya ja ta ƙasa. Sunanta bai fito ba.

Ta aika masa: "Ka zo. Ka taho da idonka."

Ya same ta a baranda, idanu a kumbure. Ta ɗauko tsinken shan lemo guda biyu na roba, ta goga kowanne a gyalenta, ta rataye ɗaya da zare, ta matso da ɗayan. Na ratayen ya kauce. Ta bi shi, ya sake gudu.

"Cajinsu iri ɗaya ne," ta ce a hankali. "Ka gani? Gudun juna suke. Ja da baƙa kuwa ba faɗa suke ba, tsabar jawo juna ce take ta da tartsatsin."

Mai Sola ya karɓa ya gwada da hannunsa. Ya sake gwadawa. Tsinken dai gudu yake.

Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

"Ke kin ga littafi kin ƙi buɗewa don kada ransa ya ɓaci. Kai kuma ka kori malami don ranka ya yi sanyi. To ga shi ya yi. Tashi ka ba ni wuri."

Kwanaki Mai Sola bai hau rufin kowa ba. Ya rubuta mata: "Haskena, na kashe miki shekara."

Ta amsa: "Mu biyu muka kashe ta. Yanzu ya za ka yi?"

Abin da ya yi, ɗakin Ɗan Jami'a ya nufa. Ya yi sallama ya tsaya a ƙofa, hula a hannu.

"Malam, ka dawo ka koya mata."

"Ai ta samu injiniya."

"Injiniyan ma ɗalibi yake son zama. In akwai wuri a ƙarshen tabarma."

Ɗan Jami'a ya kalle shi, ya fashe da dariya. "Sai ka zo da fensirinka. Ba na ba da aro."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai fito da kujerarsa baranda ya zauna tsakani. Haka aka shekara: Auta a gaba, Mai Sola can ƙarshe, ƙato da shi, ƙafa ɗaya na rawa don zama ba ya yi masa, yana neman inda layi ya yanka y yana gogewa har takarda ta huje. Kishin bai tafi ba. Duk sanda Ɗan Jami'a ya sunkuya kan takardarta, sai an ji bakin fensir ya karye a ƙarshen tabarma.

"Ɗalibi, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ci gaba."

Baba ya ɓoye murmushi a bayan jarida.

Da sunan Auta ya fito a shekara ta biyu, Baba da kansa ya aika wa Kawu. "Ku zo. Yaron da ya iya zama yana ƙuna a gabana shekara guda bai tashi ba, zai iya riƙe min ita."

Aka ɗaura aure wata safiya mai sanyi, Ɗan Jami'a a cikin abokan ango, yana ta gaya wa mutane cewa angon ɗalibinsa ne, kuma ba mai ƙoƙari ba. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa albarka, Ya ba ku zuri'a masu buɗe littafi kafin su yi gardama." Aka ce amin ana dariya, amarya ta sunkuyar da kai tana matse hannun angonta.

Abin da aka rasa dai shi ne: shekara ɗaya ta karatun Auta, ƙawayenta biyu da suka wuce ta aji, aikin solar wani otal da aka ba wani saboda Mai Sola yana kan tabarma, da gaisuwar Gwaggo, wadda har yau in ya durƙusa sai ta kalli bango.