Rodin da Aka Bari a Saman Gida

"Ke ce kika fitar min da ɗa daga gida?"

Minnatullah ta yi sororo da kofin shayi a hannu. Gaisuwa fa ta kawo ta unguwar Zahir, wajen Ummulkhairi mahaifiyar saurayinta Rayyan, sai ga uwa tana sharɓar kuka!

"Ni kuma, Umma?"

"Shaima ta faɗa min komai! Ya kama haya, ya kwashe kayansa. Esh, me muka yi masa?"

Shaima, 'yar ƙanwar Ummulkhairi da ta daɗe da ɗora ido a kan Rayyan, ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi. Munafuka!

Kan Minnatullah ya ɗaure tamau. Mahaifinta Malam Jibril, da karatu ya kawo shi wannan ƙasa daga Kano, cewa ya yi ba zai ba da 'yarsa ga gardin da har yau yake kwana gidan ubansa ba, sai ya ga muhalli. Rayyan ya nemo. To ina laifin?

Tana fita ta kira shi.

"Habibti, na rasa ta cewa... Na zauna, Malam ya ce ban girma ba. Na fita, Ummi ta ce na tona musu asiri. A nan saurayi ba ya barin gida sai in korarsa aka yi, ko lalacewa ya yi."

"Rasa ka zan yi ke nan, Rayyan?"

Tsoro ya kama ta, ta fashe da kuka.

Ranar Juma'a Mukhtaru, mahaifin Rayyan, ya gayyaci Malam da iyalinsa. Ko zama ba su yi ba ya ja su saman gida. Ga rodi nan tsaitsaye, duk ya yi tsatsa.

"Malam, ranar sunan Rayyan na hana magina yanke shi. Mu nan ɗa ba ya fita, sama yake hawa."

Malam ya daɗe yana shafa ƙarfen.

"Ni ma mahaifina ya yanka min fili a bayan ɗakinsa," ya ce. "Har ya rasu yana share shi... Alhaji, a kira magina."

Ummulkhairi ta jawo hannun Minnatullah, tana goge ido da bakin mayafi.

"Ya binti, 'yata, in an gina, tagar ɗakinki ta kalli ina?"

"Inda zan jiyo kiranki, Umma."