Ungulayen Dajin Daddara

Da hantsi aka kira Insifeto Mudathir daga ofishin 'yan sanda na Jibiya. An tsinci gawa a dajin Daddara.

Gawar Manu ce, makiyayin da ke yi wa Dakta Mutmainna jagora. Ita malamar jami'a ce, tana binciken abin da ke ƙarar da ungulaye a yankin. Takan ɗaura musu 'yar na'ura a baya, mai nuna mata inda suke a kwamfuta.

An fasa wa Manu ƙeya. Gefensa ga mushen jaki, ga ungulaye birjik a mace, an yanke kawunansu. Ƙudajen da suka sauka kan mushen ma sun mutu.

"Guba ce," in ji Dakta. "Jiya da la'asar Manu ya kira ni, ya ce ya ga wani yana barbaɗa wa mushe wani abu. Kafin ya faɗi suna waya ta katse. Insifeto, ina tsoron kada wanda ya yi wannan ya san masaukina."

Insifeto ya duƙa. Sawun babur ne a yashi, ya nufi boda.

A tashar 'yan acaɓa ta bakin boda kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya ne kawai, Maharazu, ya fara jan babur ɗinsa baya.

"Ka je Daddara jiya?"

"Ban tahi ba, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo gashin tsuntsu cikin sarƙar babur ɗinka?"

"Buhu kawai na ɗauko, wallahi. In na hwaɗi mai shi, ba ni kai gobe."

Wayar Insifeto ta yi ƙara. Dakta ce.

"Ɗaya daga cikin ungulayen da na ɗaura wa na'ura ba ta cikin matattun. Ina ganinta yanzu. Tana dab da shingen boda, ba ta motsi."

Alamar ta kai su rumbun Ɗantala, dillalin fatu. Ya tarbe su da fara'a, makulli a hannunsa.

"Fatu ne kaɗai a ciki, yallaɓai."

"Buɗe."

Wari ya buge su. Kurtun da ke tare da Insifeto ya ɗaga fatun. Ga buhun kawunan ungulaye, ga guda ɗaya ba a yanke ta ba, na'urar na manne a bayanta.

"Me ya hana ka yanke wannan?"

Ɗantala ya zube ƙasa. "Na zaci laya ce. Tsoron taɓa ta na ji."

"Manu fa?"

"Ya gan ni. Ya ce sai ya gaya wa Malama. Na roƙe shi ya ƙi, ya ɗauko waya. Sandarsa na fizge." Ya rufe fuska. "Sau ɗaya na buga."

"Wa ke karɓar kawunan?"

Ya waiga wajen motocin da ke layin tsallakawa.

Aka sa masa ankwa. Da za a tura shi mota sai ya damƙe rigar Insifeto.

"Don Allah, yallaɓai, kada a ajiye ni a Jibiya. Yau za su zo karɓar kaya. Ku kai ni Katsina, ku rufe ƙofar da kyau."