Wa Zai Tatsi Pearl?

"Chicago?" Lyle ya dire kofinsa a kan tebur har abin da ke ciki ya fantsamo. "Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, kwana uku." Marlys ta ci gaba da shafa man shanu a burodi, ba ta ko ɗago ba. "Na riga na sayi tikitin jirgin ƙasa."

"To wa zai tatsi Pearl?"

Dama ta san nan zai ɓullo. Shekara ashirin da tara da aurensu a wannan gona ta jihar Wisconsin a Amurka, duk maganar da ta ɗauko sai ta ƙare a gindin saniya. Shanu arba'in ne, ana tatsarsu safe da yamma, kuma saniya ba ta san Lahadi ba balle Kirsimeti. Birnin Chicagon nan ma shi ya yi mata alkawarin kai ta a makon aurensu, sai mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka ce baɗi. Yau shekarunta hamsin da huɗu, baɗin nan bai iso ba.

"Kai za ka tatse ta, tsoho."

"Kin fi kowa sanin halinta. Ta ga ba ke ba ce, ta riƙe nono, hantsa ta kumbura, mu rasa saniyar da ta fi kowace."

"Ka lallaɓa ta mana... ai ni ma lallaɓa ni ka yi."

Bai yi dariya ba, ya ɗauki hularsa ya fita.

Gaskiyarsa ce kuwa. Marlys ce ta raini Pearl da kwalba tun tana 'yar maraƙa, shi ya sa ba ta sakin nono sai ta shinshini koriyar rigar aikin Marlys, ta ji 'yar waƙar coci da take rera mata.

Duk da haka Marlys ta ci gaba da shirinta. Ta koyi duba taswira a waya, ta rubuta abin da take so a bayan takardar abincin shanu: bakin tafki, gidan zane-zane, jirgin ruwa a tsakiyar gari. Na ƙarshe ta ja masa layi biyu, wato ta yi barci har rana ta haske mata fuska.

'Yarsu Kirsten ta bugo daga Minneapolis. "Mama, bari in ɗauki hutu in raka ki. Ko titi mai hannu huɗu ba ki taɓa tsallakawa ba."

"Wadda ta jawo ɗan maraƙi daga cikin uwarsa da igiya, titi ne zai gagare ta? Zauna abinki, 'yar nan. So nake in ga ko ni kaɗai ma mutum ce."

Saura kwana huɗu suka gwada. Marlys ta laɓe bayan ƙofa, Lyle ya matso da injin tatsa. Pearl ta dube shi sama da ƙasa, ta sakar masa shuri a cinya, ko ɗigo ba ta bayar ba. Ya fito yana ɗingishi.

Ranar jikin Marlys ya yi sanyi. Ta ji haushin saniyar, ta ji haushin mijin, ta fi jin haushin kanta. Ta ƙudura gobe za ta mayar da tikitin, tunda dai ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ita ce bafaden da ya sangarta Pearl.

Washegari haske ne ya tashe ta. Agogon da ke tada ta ƙarfe huɗu da rabi an kashe shi, gefen Lyle kuma babu kowa. Ta diro a firgice, ta kai hannu ƙusar bakin ƙofa, koriyar rigar ba ta nan.

Tun daga tsakar gida ta jiyo wata murya kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Ta leƙa ɗakin shanu ta tsaya cak. Ga Lyle, ƙato guda, ya cusa kansa cikin rigarta, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, ya ɗaura ɗankwalinta mai furanni, yana rera waƙar cocin nan iya ƙarfinsa. Pearl ta lumshe ido tana tuƙa, nono na gudu a bututu fari tas.

"Lyle..."

"Kada ki matso, za ta gane ni," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Kuma in kika gaya wa mutanen coci, ni da ke ne."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye suka biyo baya. Sai da ya cire injin ya juyo, ɗankwalin ya karkace.

"Ba Pearl ce damuwata ba, Mar. Tsoro nake ki ga fitilun can, ki tuna abin da na hana ki shekara ashirin da tara, ki ji ba kya son dawowa."

"Kai, wannan tsoho da shirme." Ta gyara masa ɗankwalin. "Ina zan samu wani mai sa rigata ya yi wa saniya waƙa? Zuwa zan yi in ga gari, masoyina, in dawo in ba ka labari har ka gaji."

Ranar Juma'a ya kai ta tasha. Ya nuna mata inda za ta riƙe jakarta har sau uku, sannan ya tsaya yana ɗaga hula har jirgin ya sha kwana.

Marlys ta zauna kusa da taga, zuciyarta fal murna. Ta buɗe jaka neman burodinta, sai ga tsohuwar rigar Lyle a ninke, da 'yar takarda a aljihu da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: "In barci ya ƙi zuwa ki shinshina. Ya yi wa Pearl aiki."

Ta rungume rigar tana dariya, har matar da ke gefenta ta tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Marlys. "Chicago za ni."