Rufin da Ba Shi da Ginshiƙi

Rana ta yi ja, inuwa ta cinye tsakar gida, matar Injiniya tana kwashe shanya, sai ta ji tsakuwa ta faɗo cikin falo. Wata ta biyo ta. Tagogi a rufe suke, ƙofa ma haka. Daga sama tsakuwar ta zo.

Saman nan kuwa shi ne abin alfaharin maigidan. Rufi ne na kankare, siriri, ya tashi daga wannan bango ya lanƙwashe ya sauka a wancan, kamar igiyar shanya da ta yi ciki aka kife ta, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Shi ya zana, shi ya tsaya aka zuba. Baƙo ba ya shan ruwa a gidan sai ya fara shan bayanin rufi.

Abin ya zama na kowace magariba. Bayan jifa sai nishi, mai nauyi, irin na ɗan dako a kan tudu. Injiniya ya ce kankare ne ke hucewa bayan zafin rana. Matar dai tsoro ya riga ya shige ta.

Da aka yi mako biyu, Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, ta tsaya a tsakiyar falo, ta ɗaga hannuwa sama, tafukan a buɗe, ta ƙame. Uba ya ja, uwa ta ja, hannuwan suka ƙi saukowa. Kwana biyu tana tsaye, ba ci ba sha, ƙafafunta suka kumbura.

Aka ɗauko wani tsohon malami ana dab da faɗuwar rana. Ya zauna a ƙasa ya yi ta karatu har duhu ya fara shigowa. Sannan ya ce, "Wane ne a nan?"

Muryar da ta fito daga bakin Auta ta tsoho ce, gajiyayye. "Mai ɗauke da kayan wani."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai. Na yi jifa, na yi nishi, ba a ji ba, shi ne na ari bakinta. Tambayi ubanta kwana nawa kankaren nan ya yi kafin a cire katakon da ya tokare shi."

"Ashirin da takwas," in ji Injiniya, "yadda ƙa'ida ta ce."

Ƙura ta zubo daga sama.

"Ɗana, faɗi gaskiya," in ji malamin. "'Yarka ce a tsaye."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Tara. Abokan aikina za su zo gani, ban so su tarar da katako ba."

"Nan nake zaune tun filin nan yana ciyawa," in ji muryar. "Ranar da aka cire katakon na ji rufin zai sauko kaina, na tare shi da kafaɗa. Shekara huɗu ke nan. Na gaji."

"To fita ka bar ta."

"In na fita daga jikinta, na bar gidan ke nan. In kuma yana son rufinsa, ya bar min ita mu riƙa ɗauka tare. Ya zaɓa."

Injiniya ya ɗaga kai ya daɗe yana duban rufin, sannan ya dubi 'yarsa.

"Tafi," ya ce.

"Zan riƙe har ku kai ƙofar gida."

Hannuwan Auta suka faɗo, uwar ta tare ta, ta kinkime ta suka fita a guje. Suna taka titi ƙarar rushewar rufin ta tashi a bayansu, ƙura ta turnuƙe layin duka.

Auta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Injiniya ya durƙusa, hawaye na zuba, ya miƙa hannu zai karɓe ta. Matar ta ja 'yarta jikinta, ta ce masa a hankali, "Sama ka fara dubawa. Na gan ka."