Mai Barcin Rana a Ɗakin Ajiya

Magariba ta kawo jiki, gidan ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai fanka. Maigidan na zaune a ɗakin ajiyar da ya mayar ofis, yana yi wa shugabansa bayani ta kwamfuta. Dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano. Na biyu ya shigo ta taga ya kifar da kofin shayi. Sai murfin kwamfutar ya sauko a hankali ya rufe kansa.

Wata uku ke nan da kamfaninsu ya ce kowa ya yi aiki daga gida, kuma bawan Allah ya sami sa'ida. Ba cunkoson mota na awa biyu, ba fita kafin 'yarsa Auta ta farka a dawo ta yi barci. Sai a watannin nan ya san yarinyar surutu gare ta. To ga abin yana neman kuɓuce masa, don kullum ana tsakiyar taro sai wayar wuta ta zare kanta daga bango, takardu su watse. Shugaban ya gaji ya ce in aikin ba ya yiwuwa a gida, teburinsa na can ofis yana jiransa.

Takaici ya ishe shi. Ya sauya na'urar intanet sau biyu, ya yi wa mai gyaran wuta tas, ya ɗora wa ɓera laifi.

"Ɓera da jifa?" in ji matarsa. "Baban Auta, a kira malam."

Taurin kai ya hana shi, sai ranar da ya tarar da Auta kan kujerarsa, idanu a kafe. Ta ce da muryar tsohuwa, "Fice mini daga ɗaki."

Malam ya iso bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta fara huci.

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin. Shekara goma sha ɗaya ina nan. Masu gidan su fita da safe in kwanta, su dawo in fita. Na taɓa fasa musu ko kofi? Yanzu mutumin nan tun safe yake magana shi kaɗai, yana dariyar ƙarya, riga mai guga a sama, gajeren wando a ƙasa. Wata uku ban runtsa ba!"

"Ki saki yarinyar, ba ta yi miki komai ba."

"Ya koma inda yake zuwa, in sake ta."

Maigidan ya dubi 'yarsa, zuciyarsa ta karye, amma komawar nan ba ya son ta. Sai dabara ta faɗo masa.

"Baiwar Allah, ofishinmu ba kowa yanzu. Hawa na uku, shiru, ga sanyi, ga kujeru masu laushi."

"Ba kowa?"

"Ko mage babu."

"To na karɓa. Amma in na sake jin muryarka a can, malam ba zai cece ka ba."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale, ta farka tana neman ruwa.

Kwana tara gidan ya zauna lafiya, taro bai sake yankewa ba. A na goma, yana taya Auta aikin makaranta, saƙo ya shigo wayarsa: kamfani ya sake shawara, daga Litinin kowa ya dawo ofis. Ya karanta sau biyu, ya dafe kai. A ƙasa shugaban ya ƙara layi ɗaya, wai don ya faranta masa: "Tun da kai ka fi kowa yawan taro, na ware maka ɗakin ƙarshe a hawa na uku. Ya fi ko'ina shiru."