Zanen Jajibere

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata marainiya da ke hannun kakarta. Ranar jajiberen Sallah, kaka ta ciro zanen marigayiya uwar yarinyar daga adaka, ta ce, "Gobe shi za ki ɗaura. Ki turara shi, amma kada ki tashi daga gaban kasko. Wuta ba ta san Sallah ba." Ta tafi niƙa.

Yarinya ta zuba turare a garwashi, ta kifa kwando, ta shimfiɗa zanen a kai. Sai ƙawayenta suka leƙo, suka ce mai lalle ta zo.

Ta ce a ranta, "Yanzu zan dawo."

Aka ƙunsa mata ƙafa ɗaya, ta ce yanzu za ta koma. Aka ƙunsa ɗayar, ta ce bari ya kama tukuna. Ko da ta hango hayaƙi, jinkar ɗakinsu ta riga ta rufta.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta tona tokar da sanda, ta ce, "Shi kaɗai ya rage mana nata."

Da safiyar Sallah kowa ya ce lalle ya kama. Yarinya ta ja zanen aro ta rufe ƙafafunta.