Na'urar Ɗakin Ajiya

Rana na shirin faɗuwa dutsen farko ya sauka a kan kwanon gidan. Injiniya ba ta ko ɗago kai ba. Tana ɗakin ajiya, inda ta kwashe tsofaffin tukwane ta girke na'urar da ke ɗauke da manhajarta ta kiran motar asibiti. Ta gina ta yadda ba ta tsayawa jiran a gama da kira ɗaya kafin ta karɓi wani. Tun da aka kunna ta, gurnaninta bai yanke ba.

Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Kaka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na ce miki ɗakin nan da masu shi."

"Yaran unguwa ne, Kaka."

Amma jifan ya ci gaba kowace magariba, duwatsun kuma da ɗumi ake tsintarsu. Sai aka fara jin magana ƙasa-ƙasa cikin bango. Wata yamma Auta, 'yar Injiniya, ta ajiye cokali tana tsakiyar cin abinci, ta tafi ta zauna gaban na'urar, idanunta sun kafe.

Kaka ta ɗauko Malam, wani dattijo mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da muryar tsoho mai kaushi.

"Nan muke tun ba a aza tubalin gidan ba. Kun kawo mana abin da ba ya barci. Koke-koken mutane na ratsa ɗakinmu, wani kan wani. Jikana ya kurmance."

"Yarinyar me ta yi maka?" in ji Malam.

"Jikana me ya yi wa uwarta? A kashe abin nan, in fita. In ba haka ba, da kunnuwan wannan zan tafi."

Malam ya dubi Injiniya. Ita kuwa allon na'urar take kallo. Akwai kira biyu da ba a gama da su ba: mai naƙuda, da wani da mota ta buge. In ta zare waya yanzu, babu motar da za ta je musu.

"A ba ni lokaci in mayar da aikin kan wata na'ura," ta ce.

"'Yarki ce fa a kwance!" in ji Kaka.

Injiniya ta ja kujera ta zauna. Malam ya ɗaga murya da karatu, Auta na birgima tana toshe kunnuwa, jini na bin yatsunta. Uwar ba ta waiwaya ba. Tana bugawa tana gogewa, har kira na ƙarshe ya koma can. Sannan ta fizge wayar.

Ɗakin ya yi tsit. Malam ya sa aljanin ya rantse ba zai dawo ba. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki.

Injiniya ta durƙusa za ta rungume ta. Auta ta janye jiki, ta lafe a ƙafar Kaka.

"Duk ina ji, Mama," ta ce a hankali. "Ina ta kiranki, ke kuma kina ta danna madannai."

Kunnenta na hagu bai sake ji ba. Daga ranar, duk lokacin da uwar ta zo yi mata magana, wannan gefen take juya mata.